Hujin Ƙaya a Kwalin Sukari

Wata safiyar Litinin a kakar 1995, mako uku da komawa lekol, wato makarantar boko, malaminmu Mushe Illa (Mushe muke ce wa malami namiji) ya kama ni da guntun kwalin sukari manne a idona na dama. Yana gaban tabulo ya ba mu baya yana rubuta aikin lissafi, ba ka jin komai a ajin sai ƙarar alli, ni kuma ina can bencin ƙarshe kusa da taga, na rufe ido ɗaya da tafin hannu, ɗayan yana leƙe ta wani ɗan huji da na yi da ƙayar aduwa. Ban ji lokacin da allin ya yi shiru ba. Sai kawai na ga rubutun ya ɓace, farar riga ta cika hujin, da na sauke kwalin kuwa ga mutum tsaye a kaina, yaran aji duk sun juyo. Ya miƙo hannu, na ba shi. Ya juya kwalin gaba da baya bai ga komai ba, ya tambaye ni da Faransanci ko shi nake yi wa shaƙiyanci. Na ce a'a. Ya ce to me nake yi. Na ce karatu nake yi. Ajin ya fashe da dariya, aka fitar da ni na durƙusa a bakin ƙofa har aka buga tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye a bishiyar bedi, alamar fita hutu. Shekarata goma sha ɗaya, ina aji biyar, kuma gaskiya ce na faɗa masa.

Har zuwa ranar ban san cewa idona yana da wata matsala ba. Gidanmu yana gefen garin Madarumfa ta wajen tabki, kuma tun da na buɗe ido na san duniya iri ɗaya na san ta: abin da ke kusa da ni tsaf nake ganinsa, abin da ya wuce taku biyar ko shida sai ya koma dishi-dishi, kamar an shafa masa ruwan koko. Bishiya a wurina dunƙulen kore ce, sai na ɗauki ganye a hannu nake sanin yana da jijiyoyi. Mutane kuwa daga nesa launin zane ne da salon tafiya. Na san Inna da jan zanenta mai ɗigo-ɗigo, na san Kaka da yadda take ɗan karkata ta hagu, na san Baba da tarin da yake yi kafin ya shigo zaure. Ban taɓa kai ƙara ba, domin a zatona haka kowa yake gani. Hasali ma a gida ni ce mai ido. In Kaka za ta yi ɗinki ni take kira in zura mata zare, sau ɗaya nake yi. In sartse ya shiga ƙafar wani ni ake ba allura. Waken da na tsince kuwa ba a taɓa tauna tsakuwa a cikinsa ba, har Kaka takan ɗaga faifan ta nuna wa yayyena ta ce, "Ido ba mudu ba, amma ya san ƙima." A makarantar allo ma ba ni da damuwa, tun da allon yana kan cinyata.

Aikin nesa ne yake tona mini asiri, sai dai ba wanda ya gane abin da yake tonawa. In gero ya fara ido aka tura mu korar tsuntsaye, nakan hau rumfar da aka kafa tsakiyar gona in yi ta kaɗa gwangwani ba tsayawa, saboda ba na ganin tsuntsayen sai na ji kukansu, alhali sun gama sauka a ɗaya kusurwar. In an ba ni awaki in kai su bakin tabki, sai in dawo da na maƙwabta biyu a cikinsu, namu ɗaya yana can yana cin lambun mutane. A wasan carafke ba mai ja da ni, duwatsun suna gabana. Amma a wasan ɓuya ni ce abin dariya, yarinya za ta tsaya a fili jikin katanga ba ta motsi, in wuce ta ina nema. Sai aka yanke mini hukuncin cewa ni mai wasa ce da rashin natsuwa, na kuma yarda da haka, don ban san wani bayani ba.

Mahaifina, Malam Sani, manomi ne da damina, mai lambu da rani, kuma a unguwarmu an san shi da kaifin ido. Yana tsaye a lambunsa zai faɗa maka kwale-kwalen wane ne yake tahowa daga tsakiyar tabki tun yana kamar tsinke a kan ruwa. In an zo duban watan azumi ko na Salla, bayan magariba mutane sukan taru kusa da shi a filin bayan masallaci, domin sau da yawa shi ne yake fara nunawa da yatsa. Ni ma nakan bi yatsan da kallo in ce na gani, kamar yadda sauran yara suke cewa. A zatona kowa faɗa kawai yake yi don girmama manya.

A lekol shekaru huɗu na yi ina cikin na gaba-gaba. Ƙarama ce ni, benci na farko ake zaunar da ni, abin da idona bai kamo ba kuma kunnena ya kamo. Malami in ya faɗi abu sau ɗaya ya zauna mini. Hausawa suna cewa "gani ya kori ji", ni kam ji ne ya riƙe ni. Sai a daminar shekarar nan na yi wani irin tsawo kamar karan dawa, sabon malami kuma ya zo daga Tasawa, Mushe Illa, mutum siriri marar yawan magana, ya jera mu bisa tsawo ya kai ni can baya. Shi ba ya maimaita abin da ya rubuta, yana rubutawa yana sharewa. Cikin mako biyu littafina ya cika da jan biro. Ina kwafar na Saude da ke kusa da ni, har da kurakuranta.

Dabarar kwalin a gida na samo ta. Wata rana da la'asar ina zaune jikin zanan da ya raba mu da maƙwabta, na kara idona a wata ƴar kafa tsakanin saƙar don in leƙa masu daka. Abin da na gani ya sa na ja da baya na sake karawa. Matar da ke daka tana da fuska, da hanci, da tsagen gado a kumatu, ga kajin da ke kewaye da turmi ina iya ƙirga su. Da na ɗaga kai ta saman zanan sai komai ya koma yadda na saba. Na yini ina gwadawa da ganye, da dunƙulen hannu, da tsohuwar takarda, har na gane cewa in hujin ya yi ƙanƙanta sosai abin nesa yana fitowa, duk da yakan yi ɗan duhu. Ban faɗa wa kowa ba. Na ɗauka wani sirri ne Allah ya ba ni ni kaɗai, na yanki kwalin sukarin Kaka na tafi da shi lekol.

Mushe Illa bai jefar da kwalin ba. Bayan kwana biyu, da aka fita hutu, ya ce in tsaya. Ya rubuta baƙaƙe a tabulo, manya a sama, suna ƙanƙancewa zuwa ƙasa, ya tsayar da ni a bangon baya ya ce in karanta. Na karanta na saman kaɗai, shi ma da ƙyar. Ya ce in dinga matsowa har in ga na ƙasan. Na yi ta tafiya har saura taku uku in taɓa tabulo. Sai ya mayar da ni baya, ya zaro kwalin daga aljihu ya ba ni, na kara a ido na karanto masa layi huɗu ba gargada. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya bar Faransanci, abin da ba ya yi a cikin aji, ya ce mini da Hausa, "Rabi, ba ke ce ba ki gani ba. Ni ne ban gani ba." A ranar ya dawo da ni bencin gaba, masu gajarta na bayana suna gunaguni.

Ranar kasuwa ta zagayo, washegari Mushe Illa ya shigo aji da ƙaramin kwano rufe da faifai. Idon rago ne ya karɓo wurin mahauci. Mata suka yi ta yamutsa fuska, maza suna ture-ture don su matso. Ya sa reza ya yanka shi a hankali, wani ruwa mai kauri ya fito, sannan ya zaro wani ɗan abu garai-garai kamar ɗigon ƙaro. Ya ɗora shi a kan rubutun littafi, baƙaƙen da ke ƙarƙashinsa suka yi girma, muka bi layi muna leƙawa. Ya ce kowannenmu yana da irinsa, shi ne yake tattara haske ya kai shi bangon bayan ido, kuma hoton da yake kaiwa a kife yake sauka, ƙafa sama kai ƙasa, ƙwaƙwalwa ce take miƙar da shi. Wani yaro ya tambaya ko ke nan Mushe a kife yake tsaye yanzu, aka yi dariya har da shi kansa Mushen, karo na farko da muka ga haƙoransa. Ya haɗa mu biyu-biyu, ɗaya ya rufe ido da hannu ya ƙirga talatin ya buɗe, ɗayan yana kallo. Na ga baƙin tsakiyar idon Saude ya tsuke nan take kamar bakin jakar da aka ja wa zare. Ya ce wannan baƙin ƙofa ce, tana buɗewa cikin duhu tana tsukewa cikin rana ba tare da ta nemi izininka ba. Ya sa muka rufe ido ɗaya muka yi ƙoƙarin haɗa bakin fensir biyu, kusan kowa ya kuskure, ya ce shi ya sa aka ba mu biyu, don mu san nisa da kusa. Har dalilin da ya sa majina take zuba in mutum yana kuka ya faɗa mana, ashe akwai ƴar hanya daga kusurwar ido zuwa hanci, ta nan hawaye yake bi. A ƙarshe ya ce wasu mutane idonsu ya ɗan fi tsawo daga gaba zuwa baya, sai hoton abin nesa ya haɗu tun bai kai bango ba, kuma wannan ba ciwo ba ne, ba wauta ba ce, tabarau ne maganinsa. Bai ambaci sunana ba, amma kowa ya juyo ya dube ni, ni kuma na ɗaga kai sama, don ji na yi kamar an wanke ni a gaban alƙali.

A gida abin bai zo da sauƙi ba. Labarin durƙusona ya riga ya kai kunnen Baba, ya kuma ga jan biron da ke littafina, ya riga ya faɗa wa Inna cewa in aka yi hutun farko zan zauna in taya ta aikin man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tun da kan ya daina ɗauka. Da na kawo masa maganar tabarau sai ransa ya ƙara ɓaci. Ya ce yarinyar da take zura allura kafin a ƙifta ido ita ce za a ce ba ta gani? Ya ce a zuriyarsu ba a makanta da ƙuruciya, tabarau kuma na tsofaffi ne da ma'aikata, ya ji an ce ma yana cinye ido, wanda ya fara sawa ba ya rabuwa da shi. Kaka ta so ta sa baki, ya ce mata ta yi haƙuri. Na kwana uku ina zuwa lekol kamar mai bankwana, ina kallon bencina.

Ranar Asabar da la'asar muna lambu, Baba yana jan ruwa daga ƴar rijiyar da ya haƙa, ni ina zuba wa albasa, sai ga Mushe Illa a kan kekensa, da allon rubutun ƴan aji ɗaure a baya. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da gajiya da ruwan bana, Baba ya shimfiɗa masa buhu ƙarƙashin mangwaro. Mushe ya yi bayaninsa tsaf, Baba yana saurare yana karya tsinke. Da ya gama Baba ya ce, "Mushe, ni ban san idon da ke gani rabi ba. Mutum ko makaho ne, ko mai gani." Mushe bai yi gardama ba. Ya ce ya ji labarin idon Malam a gari, yana so ya gwada shi da wani ɗan abu in ba damuwa. Baba ya yi murmushin wanda aka taɓo masa inda ya fi ƙarfi, ya ce bismilla.

Mushe ya zana ɗan tauraro a gefen hagu na allon, ya yi farin ɗigo kamar ƙwayar wake a gefen dama. Ya ce Baba ya rufe idon hagu, ya kafa na dama a kan tauraron kada ya motsa shi, ya miƙe hannu da allon sannan ya dinga jawo shi a hankali zuwa fuskarsa. Baba ya yi. Ina tsaye da gwangwanin ban ruwa a hannu ina kallo. Can sai hannunsa ya tsaya cak. Ya buɗe ɗayan idon ya duba allon, ya shafa ɗigon da yatsa, ya sake rufewa ya sake jawowa. Sau huɗu ya yi. Ya tambayi Mushe ina ɗigon yake zuwa. Mushe ya ce ba inda yake zuwa, yana nan. Ya ce a bayan kowane ido akwai wurin da jijiyar gani take fita ta tafi ƙwaƙwalwa, wurin nan ba ya ganin komai, amma ɗayan idon yana rufa masa asiri, ƙwaƙwalwa kuma tana cike gurbin, shi ya sa mutum zai rayu har ya tsufa bai sani ba. Baba ya ajiye allon a kan cinyarsa. Sannan ya kira ni, ya nuna mini hayin tabki ya ce in faɗa masa abin da nake gani. Na ce ruwa, da wani duhu-duhu a bayansa. Ya ce kukokin fa? Na ce waɗanne kukoki? Ya ce shanun da ke shan ruwa fa? Na ce ban san akwai shanu ba. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina, ya ce, "Duk shekarun ga, haka kike?" Na ce haka nake. Ya tashi ya tsinko wa Mushe tumatir da salati ya ɗaure masa a bayan keke.

Bayan kwana biyar muka hau motar Maraɗi ni da shi, ina zaune a kan buhun albasarsa, karo na farko da na bar Madarumfa. Likitan ido ya ɗora mini wani tabarau na ƙarfe mai nauyi, yana zura gilasai yana cirewa yana tambayata wanne ya fi. Da ya zura na ƙarshe, baƙaƙen da ke jikin bango suka tsaya ƙyam kamar an yanka su da wuƙa, na karanto har layin ƙasa da ƙarfi, muryar da nake karatu da ita a aji. Baba da ke zaune a gefe ya tambayi likitan ko gaskiya ne tabarau yana cinye ido. Likitan ya ce a'a, wanda ya saba da gani sosai ne kawai ba ya son komawa. Aka ce mu dawo bayan mako biyu.

Baba ne ya koma shi kaɗai ya karɓo tabarau ɗin. Mai baƙin kewaye ne, ya ɗan yi mini yawa, Inna ta ɗaura masa zare ta bayan kai. Kwana biyun farko ƙasa takan yi mini kamar tana tasowa, ina ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Amma na ga ganyen gawo ɗaya-ɗaya, na ga balbelu a hayin tabki, na ga cewa hasumiyar masallacinmu tana da ƴan tagogi. Yara suka sa mini suna Ido Huɗu, nakan amsa da fara'a in ce biyu na aro ne, har suka gaji suka bari. A jarrabawar ƙarshen shekara na zo ta biyu, ba wanda ya sake ɗaga maganar barin lekol. Baba kansa yakan tsayar da abokansa a bakin masallaci da guntun gawayi da takarda yana ɓatar musu da ɗigo, yana yi musu bayanin jijiya kamar shi ya gano ta.

Amma abin da ya fi zama mini a rai ba a aji ya faru ba. Wata rana na taso daga lekol da azahar, na karyo kwanar lungunmu, sai na hango Inna tsaye a ƙofar gida da tsintsiya a hannu, tana kallona tana murmushi tun ina can nesa. Na yi mata murmushi ni ma, na ɗaga hannu. Sai na ga ta saki tsintsiyar. Da na iso ta riƙe ni ta ce kullum a nan take tsayawa in lokacin tasowata ya yi, kullum tana yi mini dariya tun daga bakin lungu, ni kuma in taho fuska a ɗaure sai na zo dab da ita. Ta ce ta daɗe da sa wa ranta cewa Allah ya ba ta ɗiya marar sakin fuska, ta haƙura. Shekara biyar tana yi, ban mayar mata ko sau ɗaya ba.

Yau a Maraɗi nake zaune, ina koyarwa, kuma duk farkon shekara nakan tsayar da yaran ajina ɗaya bayan ɗaya a bangon baya kafin in raba musu wurin zama. Tabarau ya zama abin da ake bazawa a faranti a kasuwa, yara suna sa shi don ado, ba mai tsokanar wani. Nawa na yanzu marar nauyi ne, ya fi na da kyau nesa ba kusa ba. In na je Madarumfa nakan sauka a bakin hanya in ƙarasa da ƙafa, in na karyo kwanar lungun ina ganin ƙofar gidanmu sarai, har da tsagewar da ke jikin dakali. Inna ta rasu shekaru da dama da suka wuce, ba mai tsayawa a wurin. Duk da haka tun daga bakin lungu nake sakin fuska.